Katin Charizard na 2021: kati ne mai kyau, amma kada a sayar maka da shi a kuɗin na 1999

Katunan Pokémon, waɗanda ake wasa da su ana kuma tara su, ba baƙi ba ne a Maradi. Wasu suna faɗowa daga dilar bosho cikin kayan wasan yara, wasu kuma 'yan kasuwa ne ke shigowa da su daga Kano ta Jibiya. Wanda aka fi cika baki a kansa shi ne Charizard, dodon wuta mai fukafukai, wanda bugun Faransanci ke kira Dracaufeu. A nan bugun 2021 muke dubawa, maimaicin tsohon katin 1999, na jerin Celebrations, wanda ya fito a watan Oktoba na shekarar don cikar Pokémon shekara 25.

A ido, katin ya yi. Zanen Mitsuhiro Arita ne na asali, ba a taɓa shi ba, ƙarfin rai 120 kamar na da, kuma lambarsa a kusurwar ƙasa 4/102. Bugun ya fita tsaf, launin ya fi na tsohon haske, ƙyallin ma ya fi yawa. Ba a sayar da fakitin Celebrations ɗai-ɗai daga kamfani, a cikin akwati yake zuwa, kowane fakiti kati huɗu, don haka wanda ya zube maka fakiti tsirara a faranti sai ka tambaye shi ina akwatin. Ba a shiga gasar hukuma da wannan katin, na ajiya ne kawai.

Matsalarsa ɗaya, kuma ba laifin katin ba ne: lambar nan 4/102 ita ce lambar na 1999. Mai talla zai nuna maka lambar, ya buɗe salula ya nuna maka labarin katin da aka saya dala 420,000 a Amurka a watan Maris na 2022, kusan miliyan 250 na sefa a canjin lokacin. Labarin gaskiya ne. Sai dai wancan bugun farko ne na Turanci, wanda kamfanin tantancewa na PSA ya ba maki 10 cikin 10. Na 2021 yana ɗauke da tambarin kan Pikachu (wata halittar Pokémon) mai lamba 25 a kusurwar hoton, kuma layin haƙƙin mallaka na can ƙasa yana cewa 2021. Wanda ya iya duba waɗannan biyu ya wuce wannan tarkon.

Sauran tarkon sai an san tarihin bugun. Katin ya fara fitowa a Japan a watan Oktoba na 1996, kamfanin Media Factory ya buga. Na Japan ba ya ɗauke da 4/102, No. 006 ne a jikinsa, bayansa kuma daban yake da na sauran ƙasashe. A cikinsu akwai 'yan kaɗan na farkon bugu da ba su da ɗan tauraron da ke nuna wuyar samu a kusurwar ƙasa ta dama, kuma su ne masu tsadar na Japan.

Na Turanci ya fito a watan Janairu na 1999 daga kamfanin Wizards of the Coast, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa, domin zane ɗaya da lamba ɗaya sun fito kashi huɗu. Na farko yana da baƙin hatimi mai lamba 1 a hagu, ƙasan hoton, kuma firam ɗin hoton ba shi da inuwa a gefen dama. Na biyu babu hatimi, babu inuwa, shi ne masu tarawa ke kira marar inuwa. Na uku shi ne wanda aka buga da yawa: babu hatimi, ga inuwa a dama da ƙasan firam, rubutun ƙarfin rai, wato 120 HP, kuma ya yi kauri. Na huɗu kamar na uku yake, sai dai layin ƙasa ya ƙare da 1999-2000.

Idan hoton da aka turo maka bai nuna inuwar sosai ba, karanta layin ƙasa. A biyun farko shekarun su ne 1995, 96, 98, 99. A na uku 99 ɗin ta ɓace daga jerin, an tsaya a 98. Wannan 'yar lamba biyu ita ke raba kati mai tsada da mai sauƙi, kuma masu buga hatimin ƙarya kan manta da ita. Suna ɗaukar na uku, su ɗora masa hatimi, su ce bugun farko ne. Charizard na Turanci mai hatimi kuma mai inuwa, a ajiye shi, an yi masa aiki.

Amma a yi hattara, domin wannan ƙa'idar ta Turanci ce kawai, kuma a nan Nijar na Faransanci ma yana shigowa. Dracaufeu na bugun farko yana da hatimi kuma yana da inuwa, haka aka buga shi, kuma 120 PV ne a samansa maimakon HP. Wanda ya haddace ƙa'idar Turanci ya ɗora wa Dracaufeu zai yar da kati na gaske. (Ko a Turancin akwai Machamp, wanda ya zo da hatimi da inuwa tare a akwatin masu koyo, don haka ba ya tsada duk da hatimin.)

Sauran maimaicin ba su da wuyar ganewa, lambarsu ke tona su. Na 2000 lambarsa 4/130, da alamar ƙwallo mai 2 a gefen hoton. Na 2002 lambarsa 3/110. Na 2016 lambarsa 11/108, ƙarfin ransa 150, ƙarfin harinsa 200 maimakon 100. Na 1999 ba shi da wata alamar jeri a dama ƙasan hoton, wurin fili ne.

Sai batun jabu, wanda shi ya fi yawa a kasuwa. Katin gaske milimita 63 ne a faɗi, 88 a tsawo. Takarda biyu ce aka manna, da siririn layi mai duhu a tsakani, wanda za ka gani a gefen katin da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran salula. Wannan layin ne ke tare haske: haska tocilan ta baya, na jabu sai ya yi fes kamar takardar littafi. Kada ka yarda da mai cewa a yaga kati don a ga layin. Da gilashin kuma duba baƙin rubutu. A na gaske baƙin a cike yake, gefensa kaifi, domin daban ake buga shi. A na jabu za ka ga ɗige-ɗigen launi a cikin harafin, alamar hoton kati aka ɗauka aka sake bugawa. Shuɗin baya na jabu yakan koma fari-fari ko ya karkata zuwa shunayya, don haka ka riƙe kati ɗaya na gaske, ko mai arha ne, ka jera su. A na 1999 ƙyalli a cikin hoton kaɗai yake, da ƙananan taurari. In ka ga katin da aka ce na 1999 ne yana walƙiya daga sama har ƙasa, ko na ƙarfe mai ruwan zinare, kayan ado ne.

Ko katin na gaske ne, yanayinsa ke yanke kuɗinsa, kuma Maradi ba ta yi wa kati sauƙi. Katin ƙyalli yana lanƙwashewa saboda takarda tana shan danshi tana kumbura a damina, ta bushe ta tsuke a hunturu, ledar ƙyallin kuwa ba ta motsi. Ƙurar hunturu tana karce fuskar hoton in aka goge da gefen riga, rana kuma tana cinye jan launi a katin da aka rataye a bakin shago. Roba da ake ɗaure katuna da ita tana cin gefe, ta bar fari-fari a shuɗin baya, wanda shi mai tantancewa ke fara dubawa. Na 2021 ma yana lanƙwashewa. A sa shi a leda mai laushi tukuna, sannan a gidan roba mai tauri, a kwantar a akwati nesa da kwanon rufi.

Ga mai son zanen Arita a hannunsa, na 2021 ya cancanci saye, kuma ya fi tsohon kati da ya sha wuya kyan gani. Kafin ka biya ko jika ɗaya, nemi hoton gaba da na baya a hasken rana, katin a waje da leda, da hoto na kusa na layin ƙasa. In an ce yana cikin gidan robar da PSA ke rufe katin da suka tantance, shigar da lambar da ke kan takardar da ke jikin gidan a shafinsu na intanet, ka ga ko shekarar da sunan jerin sun yi daidai da abin da aka ce maka.