Sanƙarau a tsakiyar hunturu: jinyar ƙanena a Birmingham

Mako uku ƙanena ya yi yana fama da ciwon kai da zazzaɓin yamma da ɗan tarin da muka ɗora wa sanyi, kuma a makonnin nan babu irin tsinuwar da ban yi wa tsarin asibitin Ingila ba. Sai mutum ya kama layin waya tun ƙarfe takwas na safe kafin a ba shi ganin likitan unguwa, idan ya samu kuma a sallame shi da farasitamol, kemis kuwa ba zai sayar da maganin kashe ƙwayar cuta ba sai da takardar likita, ko da za ka yi masa rantsuwa. Ranar da ya fara amai, yana kirana da sunan wani, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, na kira 999, lambar agajin gaggawa.

A daren aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, aka naɗe shi kamar jariri, aka soka allura a gadon bayansa aka ɗebi ruwa. Da likita ta ce sanƙarau ne na yi mata musu, domin wanda na sani na bazara ne, mai kayar da yaro cikin yini ɗaya, irin wanda ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya a 1996. Ta ce wannan ƙwayar tarin fuka ce da ta daɗe kwance a jikinsa, ta farka ta taɓa huhu, ta bi jini ta kama fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ya zo a hankali. Hoton ƙirjin da aka yi masa kafin biza bai nuna komai ba, domin kwantacciyar ƙwaya ba ta fitowa a hoto. Aka ɗora shi kan magani huɗu na wata biyu, daga nan biyu har shekara ta cika, da wani na rage kumburi. Ko sisi ba mu biya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ma'aikaciyar jinyar da ta zaunar da ni da takarda a hannu, tana neman sunan duk wanda ya kwana gidanmu, da abokan aikinsa, da waɗanda suke hira da shi bayan Isha'i. Na ji kamar ta tuɓe ni a kasuwa. Suna biyu na ba ta na yi shiru. Ta ajiye biro ta tambaye ni ko akwai ƙananan yara a gidajen da yake shiga, domin su ne wannan cuta ta fi haurawa ƙwaƙwalwarsu. Sai da na cika mata shafin. Ni ma gwajin jini ya nuna ina ɗauke da ita a kwance, na sha magani wata uku, fitsarina ya koma kamar manja.

A gida ma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma mun fi son a ware wa mai tari kwano a rufe maganar, mai ruɗewa kuma a ce jifa ne a kai shi wurin mai magani. Wanda ya fara shan maganin asibiti kuma, da ya ji ƙarfi a wata na biyu sai ya watsar, ƙwayar ta dawo ba ta jin magani. Duk da haka, a ɗakin da aka killace shi na yi kewar gida har na yi hawaye: babu 'yan dubiya, babu kular kunu, babu mai cewa sannu, sai ni kaɗai da takunkumi a fuska.

Yanzu yana wata na biyar, kullum yana ɗaukar kansa a waya yana haɗiye ƙwayoyin maganin ya tura wa ma'aikatan asibiti, kunnensa na hagu kuma bai dawo daidai ba. Hajiya har yau tana gaya wa masu tambaya cewa taifot ne.