Jirgin ƙasan Maroko: yadda ya ɗauki zagayen birane 5 cikin kwana 10

Hukuncina tun farko shi ne, duk mai son ya zaga manyan biranen Maroko don buɗe ido da cin abinci, jirgin ƙasa ya ishe shi, ba sai ya ɗauki hayar mota ba. Amma jirgin yana da tasa hanyar, kuma wanda ya jera biranen yadda ya gan su a taswira zai ƙarar da wuni guda cur a kan kujera ba gaira ba dalili.

Hukumar jiragen ƙasarsu, ONCF, tana da manyan jirage iri biyu. Akwai Al Boraq, mai gudun tsiya, wanda aka buɗe a Nuwamban 2018, shi ne irinsa na farko a Afirka. Yana tashi daga Tanja ya tsaya a Kenitra da Rabat ya ƙare a Kasablanka cikin kimanin awa 2 da minti 10, tafiyar da a da take cin kusan awa 5. Tsakanin Tanja da Kenitra ne yake sakin jiki har ya kai kilomita 320 a awa. Daga nan zuwa Kasablanka kan tsohon layi yake bi, sai ya lafa. Na biyun shi ne Al Atlas, jirgi na yau da kullum, mai zuwa Marrakesh ta kudu da Meknes da Fas ta gabas. Layin dogo a Marrakesh ya tsaya. Essaouira da Agadir da Shafshawan duk sai da bas, ko ta kamfanin Supratours ko ta CTM.

Babban kuskuren da ake yi shi ne haɗa Marrakesh da Fas kai tsaye, don su ne biranen da kowa ya fi ji. Babu layin da ya ratsa tsakaninsu. Jirgin sai ya gangaro Kasablanka, ya bi ta Rabat da Kenitra, sannan ya karya gabas, awa 6 da rabi zuwa 7. Maganin abin shi ne a sa sauran biranen a tsakani, tunda ko ta yaya ta ƙofarsu za a wuce. Jerin da ya fi zama daidai ga wanda ya sauka a filin jirgin Mohammed V na Kasablanka shi ne Marrakesh kwana 3, Rabat kwana 1, Tanja kwana 2, Fas kwana 3, Kasablanka kwana 1. A haka tafiya mafi tsawo ba ta wuce awa 4 ba.

Ranar sauka ma tana da lissafi. In son samu ne a sauka ranar Juma'a, domin hakan ne zai sa a shiga Fas ranar Alhamis. Dalilin zai zo a gaba.

Kafin tikitin komai, ɗan Najeriya ya fara da biza. Sai kuɗi: dirhami ba kuɗin da ake samu a wajen ƴan canji na gida ba ne, a riƙe dala ko yuro a canza can, kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari inda farashi ya fi kyau. Dirhami 10 ya yi kusa da dala 1, lissafin kai ke nan. Ana sayen tikitin jirgi ta intanet ko a tasha, kuma farashi yana hawa yadda ranar tafiya ke matsowa, musamman na Al Boraq. Katin naira sau da yawa ba ya wucewa a shafukan waje saboda iyakar da bankuna ke sawa, don haka wanda ba shi da katin dala ya tsaya a tashar Casa Voyageurs da ke Kasablanka ranar da ya sauka, ya rubuta ranaku da birane a takarda, ya miƙa wa mai sayarwa ya yanki duka a zama ɗaya. Rubutun yana raba gardama, don Faransanci da Larabcin gida ake yi, Turanci kuwa sai an dace. Mutanen Nijar a nan sun huta.

Tikitin yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera. "Voiture" shi ne tarago, "place" kujera, "voie" layin da jirgin zai tsaya. A tsofaffin taragan Al Atlas, ajin farko ɗaki ne mai kujera 6, aji na biyu mai kujera 8. A Al Boraq aji na biyu ya wadatar, tafiyar ba ta da tsawon da za a ji bambanci. A Al Atlas kuwa ƙarin kuɗin ajin farko ya cancanta, ba don taushin kujera ba, don wurin ajiye akwati da kuma sarari ranar da jirgi ya cika, wato yammacin Juma'a, yammacin Lahadi, da kwanakin sallah.

Inda aka fi yin ɓatan kai shi ne sunayen tasha. Kasablanka tana da Casa Voyageurs da Casa Port da L'Oasis, kuma jiragen nesa daga Voyageurs suke tashi. Wanda ya ce wa mai tasi "tasha" kawai yana iya tsintar kansa a bakin teku jirginsa na can na tafiya. Rabat ma biyu ce: Rabat Ville ta fi kusa da tsohon gari, amma Al Boraq a Rabat Agdal kaɗai yake tsayawa. Daga Marrakesh a sauka a Ville, gobe a hau a Agdal. Jirgin filin jirgin sama kuwa a ƙasan ginin saukar fasinja yake, kusan sau ɗaya a awa, minti 30 da ɗoriya zuwa Voyageurs. Kada a yanki tikitin Marrakesh mai matsewa da lokacin sauka. A bar tazarar awa 3, layin duba fasfo ba shi da tabbas. A 2018 sun daidaita agogonsu da na Najeriya da Nijar, sai dai da azumi sukan mayar da shi baya da awa 1, wanda wayarsa ba ta gyara kanta ba ya kula.

Marrakesh na kimanin awa 3 daga Kasablanka. Abincin da ya sa ake zuwa shi ne tanjiya, kuma ba tajin ba ce, wato girkin da ake yi a kasko mai murfi kamar malfa, ko da yake baƙi na haɗa su. Tulu ne na ƙasa mai dogon wuya, a zuba naman sa ko na rago, tafarnuwa, kamun, za'afaran, lemun tsamin da aka jiƙa a gishiri da man shanu mai tsufa, a rufe baki da takarda a ɗaure, a kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne shi cikin toka mai zafi na sa'o'i. In aka juye shi a faranti naman da kansa yake barin ƙashi, romon kaɗan ne amma mai kauri, da burodi ake dangwala. A wani lungu daf da dandalin Jemaa el-Fna ake samunta tare da mashwi, rago sukutum da ake gasawa a rami, ana sayarwa da awo, a barbaɗa gishiri da kamun. Abincin rana ne. Wanda ya zo da la'asar ƙashi zai tarar. Rumfunan dare na dandalin sun fi daɗin kallo fiye da ci. A tambayi farashi kafin a zauna, a kuma sani cewa ƙananan faranta na zaitun da miya da ake jerowa ba a nema ba suna iya fitowa a lissafi. Ga mai ƙarfin hali akwai romon dodon koɗi.

Wuraren kallo ba sa buƙatar dogon bayani. Hasumiyar Kutubiyya ta ƙarni na 12, fadar Bahia, da kangon fadar Badi ta Sarki Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta rusa daular Songhai a 1591. Lambun Majorelle tikitinsa ta intanet ake saye da sa'ar shiga, ba a bakin ƙofa ba.

Rabat kwana ɗaya ya ishe ta: hasumiyar Hassan da ba a ƙarasa ba, hubbaren Mohammed V a gefenta, da unguwar Udaya a bakin ruwa. Gari ne mai natsuwa, babu mai jan rigarka. Daga Agdal zuwa Tanja awa 1 da minti 20 ne, kuma a nan ne Al Boraq ke nuna abin da ya iya. Tarago hawa biyu ne, a nemi sama. Shayi a kofi ba ya ko girgiza.

A Tanja karin kumallo shi ne bisara, fate-faten busasshen wake mai faɗi da aka niƙa, a kwarara man zaitun a sama, a barbaɗa kamun da jan barkono. Arha ne, kuma yana riƙe ciki har azahar. Sai soyayyen kifi, sai shayin na'a-na'a a Café Hafa, wanda ke nan tun 1921 a kan tudu, in gari ya washe ana hango gaɓar Sifaniya. Garin Ibn Battuta ne, a nan aka haife shi a 1304. Wanda ya nace sai ya ga Shafshawan, garin nan mai shuɗin bango, ya ƙara kwana ya bi ta bas daga Tanja ya ɓulle Fas. Kai da komowa a wuni ɗaya wahala ce kawai. In ba haka ba, Al Boraq zuwa Kenitra, a canza zuwa Al Atlas, kimanin awa 3 da rabi gaba ɗaya. A yanki tikitin a haɗe, Tanja zuwa Fas, kada a raba shi biyu.

Fas ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi gwada shirin mutum. Tashar tana sabon gari, tsohon garin kuwa, Fas al-Bali, mota ba ta shiga, lunguna ne dubbai, wasu ko mutum biyu ba sa gittawa. Taswirar waya rikicewa take yi a ciki. Don haka kafin a taso a tambayi masauki ƙofar da ta fi kusa da shi, a kuma nemi su turo mai amalanke ya tarbi kaya. Garin a kan gangare yake: ƙofar Bab Boujloud na sama, ta Rcif na ƙasa. Mai zuwa zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815 aka binne shi a nan, ya kama masauki ta wajen Rcif, ya fi kusa da ita da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta assasa a 859. Mai yawon kallo kuma ya shiga ta Boujloud ya gangaro ta titin Talaa Kebira ya fita ta Rcif ya hau tasi, kada ya ce zai hauro da ƙafa bayan ya ci ya ƙoshi.

Ga amfanin shiga ranar Alhamis. Ranar Juma'a galibin shagunan tsohon gari a rufe suke, musamman daga azahar, saboda haka ba ranar kasuwa ba ce. Ranar ibada ce da kuskus. Bayan an sauko ake fito da shi, tsaki ne kamar burabusko, an turara shi sau biyu ko uku, an jera kabewa da karas da kabeji da nama a kai. Gidajen abinci na ƴan gari da yawa ranar ce kaɗai suke yin sa. Bayan la'asar kuma zikirin Juma'a a zawiya, inda ba a rasa jin Hausa da Wolof a cikin sahu. Asabar sai a ba kasuwa haƙƙinta: makarantun Bou Inania da Attarine na ƙarni na 14, da majemar Chouara. Daga saman shagunan fata ake kallon ta, a miƙa maka reshen na'a-na'a ka kanga a hanci, ƙasa kuma ga ramuka birjik, farare na farar ƙasa da kashin tantabara, masu launi na rini, majema tsundum har cinya. Bakano ko Basakkwace zai tsaya a nan fiye da kowa, don fatar jar akuyar Sakkwato da fatake ke ƙetarawa da ita Sahara ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Farashin farko a shagunan nan ba farashi ba ne, a taya ƙasa sosai.

Abincin Fas na alfarma shi ne bastila, naman tantabara ko kaza da ƙwai da almon a cikin ɓawon fulawa mai rauni kamar takarda, a barbaɗe da sukari da kirfa. Zaƙi da nama a loma ɗaya ba kowane harshen Bahaushe ke karɓa ba, a fara da ƙarama a raba. Khlii ya fi kusa da gida: nama ne da aka shanya kamar kilishi, aka dafa aka adana cikin kitse, ana soya shi da ƙwai da safe. Baghrir kuwa sinasir ne mai huda-huda, da zuma da man shanu. Abu ɗaya da ya ratsa duk biranen shi ne rashin yaji. Girkinsu na ƙamshi ne, ba na zafi ba. A nemi harisa, wato markaɗaɗɗen barkononsu, ko a taho da ƙullin yaji daga gida.

Ƙananan tasi kowane gari da launinsa, ja a Fas da Kasablanka, shuɗi a Rabat, ruwan ƙasa a Marrakesh, kuma ba sa ɗaukar fiye da mutum 3. Iyali mai mutum 4 mota biyu ke nan, ko babbar tasi. Suna da mita, da dare ana ƙara rabin kuɗi. Na bakin tasha sun fi son ciniki da baki. A taka ɗan gaba zuwa titi a tsayar da mai wucewa. Masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, matafiyi ya yi amfani da wurin sallah na manyan tashoshi. Soket ɗinsu mai hanci biyu ne zagayayye, cajar Najeriya mai hanci uku ba ta shiga.

Raunin jirgin ƙasan a fili yake: Al Atlas bai kai Al Boraq kiyaye lokaci ba, kuma tun Afrilun 2025 aka ƙaddamar da aikin miƙa layin mai sauri daga Kenitra zuwa Marrakesh, wanda kan taɓa jadawali. Shi ya sa ba a barin Fas ranar da jirgin sama zai tashi. A taso da safiyar Lahadi, awa 4 zuwa Casa Voyageurs, a kama masauki kusa da tashar. Da rana a je kasuwar Marché Central a zaɓi kifi da hannu a miƙa wa masu gashi na gefe, da yamma a yi magariba a masallacin Hassan II, wanda aka gama a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan teku. Washegari a hau jirgin filin jirgin sama wanda ya riga wanda ake bukata da awa 1.