Mai ɗinkin littattafai na bayan Terminus

Duk wanda Littafi Mai Tsarki nasa ya fara zubar da shafuka, kafin ya liƙe shi da salatif, ya gwada wani dattijo da ke ɗinkin littattafai a lungun da ke bayan tsohuwar kasuwar Terminus ta Jos, wadda ta ƙone a 2002. Shagon ba allon suna. Tebur ne guda, da injin matsi, da kwalaye jibge har rufi. Yawancin aikinsa na ɗaliban Jami'ar Jos ne masu haɗa kundin kammala karatu, amma hannunsa ya fi faɗawa kan tsofaffin littattafai.

Abu uku na kai masa: Littafi Mai Tsarki na Mama, da Littafin Waƙoƙinta, da wani littafin rubutu da take ajiye girke-girkenta a ciki. Na farkon tsohuwar fassara ce, wadda aka fara bugawa a 1932, aikin su Dokta Walter Miller na Wusasa. Da ita Mama ta haddace Zabura, shi ya sa ko an saya mata sabuwa, hannunta wajen tsohuwar yake komawa.

Abin da ya sa na yarda da shi, bai kai littafin bakin injin yanka ba. Masu sauri sukan datse gefuna don su fito sumul, su tafi da duk abin da aka rubuta a wurin. Shi kuwa da ya buɗa ya ga rubutun Mama da jan biro, ranakun baftismarmu da ayoyin taron zumuntar mata, sai ya ce, "'Yata, wannan ba a taɓa gefensa." Ya warware tsohon ɗinkin, ya jera shafukan kashi-kashi, ya bi su da zare da allura. Salatif ɗin da ƙannena suka manna a Ishaya ya ɓamɓare a hankali, sai dai tabon ruwan ƙasa da ya bari ba zai fita ba, kuma tun farko ya gaya mini haka. Yanzu littafin yana buɗuwa ya kwanta a cinya ba sai an danne shi ba, abin da gam kaɗai ba ya yi.

Littafin girkin ne ya fi ba shi wahala, don manja ya ratsa shafin gwaten acca har takardar ta yi laushi. Ya goya mata wata siririyar takarda ta baya. Ana karanta komai: a rege accar sosai saboda tsakuwa, gauta ta riga yakuwa shiga tukunya, yakuwar kuma kada ta daɗe a wuta.

Inda na yi ƙorafi shi ne alkawari. Mako guda ya ce, aikin ya haura wata. Na ce, "Baba, ai da kun faɗa mini gaskiya da ban yi ta zarya ba." Ya ce damina ce, gam ba ya bushewa a sanyin Jos. Na yarda da rabin zancen, sauran rabin aikin ɗalibai ne ya sha gabana. Bangon ma baƙi ne ko ruwan toka kawai, ba wani zaɓi.

Kuɗin duka ukun bai kai na sabon Littafi Mai Tsarki mai bangon fata ba. In za a kai, a kai da rani, a guji lokacin da ɗalibai ke miƙa kundi, a kuma cire hotuna da takardun da ke tsakanin shafuka tun daga gida.