Littafin ya yi daɗi, amma shafi 16 babu su

Na sayi wannan littafin ne don 'yata da ke aji uku a firamare, wadda in ba waya aka miƙa mata ba, ba ta zama wuri ɗaya. Gaskiya marubuciyar ta iya. Jimlolin gajeru ne, rubutun manya-manya, kowane babi kuma yana ƙarewa daidai inda yaro zai ce "sai me ya faru?" Labarin wata yarinya ce da akuyarta ta ɓace, ta bi sawunta har bakin kogo. Babin farko ni na karanta mata. A na biyu ta ƙwace littafin, tana bin layi da yatsa tana karantawa a bayyane.

Sai ga ta da dare, ido taf da hawaye: "Mama, littafin ya koma baya." Na karɓa na duba. Daga shafi na 32 sai ya sake komawa 17, ya maimaita har 32, sannan ya yi tsalle zuwa 49. Kuma a shafukan da suka ɓace ne yarinyar ta shiga kogon! A 49 sai kawai muka gan ta a gida tana shafa akuyarta.

Masu ɗab'i sukan buga shafi 16 a babbar takarda guda, su ninke su yanke, sannan a jera ninkin bi da bi. To a nan an saka ninki ɗaya sau biyu, an tsallake na gaba. Da akwai mai dubawa, buɗewa ɗaya ta isa a gani.

Na koma wurin mai sayarwa, ya ce shi ba ya karɓar littafin da aka rubuta suna a ciki. Ita kuwa tun ranar farko ta rubuta nata, har da zanen fure. Dole na ƙirƙiro mata abin da ya faru a kogon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ba haka labarin yake ba.

Da na yi niyyar in ce ku saya, amma yanzu bangon ma ya fara ɓallewa, ashe gam kawai aka shafa, ba ɗinki. In dai sai kun saya, ku bi lambobin shafukan ɗaya bayan ɗaya a gaban mai sayarwa kafin yaro ya ɗora masa biro.