Sharhi kan tiyon da na saya domin canza ruwan tankin murjani

Tiyon nan mai haske, wanda aka saƙa zare a cikin robarsa, na saye shi ne a wani shagon kayan famfo a nan Legas, bayan na bayyana wa mai shagon cewa ruwan gishiri zan riƙa turawa da shi zuwa tankin gilashi mai ɗauke da murjani mai rai, wato halittar teku mai tsiro kamar reshe a kan dutse, da jatan lande da dodon koɗi. Ya ce mini, “Alhaji, ka kwantar da hankalinka, ko ruwan sha za ka ja da shi babu abin da zai faru.” Ya haɗa mini da bakin tiyo mai sheƙi wanda ya rantse cewa baƙin ƙarfe mara tsatsa ne.

Ashe tagulla ce aka shafa wa farin fenti. Gishiri ya cinye shafen, cikin bakin ya yi kore shar, kuma duk wanda ke kiwon halittun teku ya san cewa jan ƙarfen da ke cikin tagulla guba ne ga halittu marasa ƙashin baya, irin su murjani da jatan lande da dodon koɗi. Bayan wani canjin ruwa na kashi 15 cikin 100, da gishirinsa daidai a 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa kamar kullum, sai na tarar da dodon koɗi sun saki gilashi sun zube ƙasa, jatan lande biyu sun mutu, murjanin kuma ya tsuke ya ƙi buɗewa. Kifayen da ke cikin tankin ba su nuna komai ba, domin sun fi jure wa jan ƙarfe, kuma wannan ne ya sa aka ɗauki lokaci kafin kayan gwaji su nuna inda cutar take. Sai da na yi ta sabunta ruwa da wanda aka tace, na ƙara gawayin tacewa, kafin tankin ya farfaɗo.

Gaskiya ita kanta robar ba ta da laifi. An buga NSF 61 a jikinta, wato ma'aunin kayan da ke taɓa ruwan sha, ba ta da warin nan na tiyon ban-ruwan lambu, ba ta lanƙwashewa ta toshe, kuma ana ganin dattin da ya maƙale a ciki. Da na yanke bakin na sa na roba da maɗaurin roba, sai ta zama tiyon da zan iya yaba wa ’yan’uwa masu wannan kiwo, muddin za a zazzage ruwan ciki bayan aiki, a rataye ta a inuwa saboda zafin Legas.

Amma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna cewa na koma da koren bakin a hannuna, mai shagon ya juya shi, ya ce ai kifi ba ya mutuwa saboda ƙarfe, ya ƙi ko da ba ni haƙuri. Kuɗin bakin ba shi ne damuwata ba. Murjanin da na raina tun yana ɗan tsiro har yanzu gefensa ɗaya fari ne, kuma ba zan sake taka ƙofar shagon nan ba.