Kyamarar hoton biki a kan dusar ƙanƙara: sharhi bayan kwana shida a dutsen Erciyes

Kyamarar da nake magana a kanta ba baƙuwa ba ce ga duk mai hoto a Bauchi. Ƙaramar DSLR ce, wato kyamara mai madubi a ciki da ake iya sauya wa lensi, mai megafiksel 24 wadda ke zuwa da lensi 18-55mm, irin wadda muke ratayawa a wuya wajen kamu da walima. Na yi aiki da ita kwana shida cikin watan Janairu a dutsen Erciyes, kusa da birnin Kayseri na Turkiyya. Tsayin dutsen mita 3,917 ne, wurin da masu wasan zamiya ke taruwa kuma ya haura mita 2,000. Masu tambaya ko sai an sayi babbar kyamara kafin a je irin wannan wuri, amsa ita ce a'a, wannan ta isa. Sharaɗin dai kada a bar ta a kan Auto.

Babban aibinta shi ne fari yana ruɗa ta. Ma'aunin hasken da ke cikinta an tsara shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin toka-toka. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ango da abokansa sanye da farar shadda da rana tsaka ya san abin da ke biyo baya: riguna su fito dishi-dishi kamar ba a wanke ba, fuskoki su yi duhu. To haka dusar ƙanƙara take yi mata, sai dai ita ta rufe ƙasa da duwatsu gaba ɗaya, don haka kuskuren ya fi muni.

Maganin a hannunka yake. Juya maɓallin sama zuwa Av ko A, tsarin da kai ne ke zaɓar ƙofar haske, ka sa ƙofar haske a f/8, ISO, wato ƙarfin karɓar haske, a 100, sannan ka danna alamar +/- ka ƙara haske zuwa +1. Idan fari ya cinye kashi uku cikin huɗu na hoton, musamman ranar da gajimare ya rufe sama, sai ka kai +1.7 ko +2. Da rana ƙwal kuwa +1 ko +1.3 ya wadatar, domin gefen da rana ke duka yana saurin ƙonewa. Kada ka yarda da allon baya. Ƙyallin wurin yana dusashe shi har ka zaci hotonka ya yi duhu, ka yi ta ƙari ba gaira ba dalili. Buɗe histogiram, wato jadawalin haske: tudun ya karkata dama sosai amma kada ya manne da bango. In ya manne, wannan farin ya ƙone, kuma ko a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ba lallai ya dawo ba. Irin wannan hoton babu ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, babu layukan da iska ta zana, sai fili fari fat kamar takarda.

Launi kuma, inuwa tana fitowa shuɗiya saboda hasken sama ne kaɗai ke sauka a kanta. Ɗauki RAW, ka gyara a kwamfuta, ka sa ma'aunin ɗumin launi wajen kelbin 6,000 zuwa 6,500. Ni dai ba na cire shuɗin duka, shi ne ke sa mai kallo ya ji sanyin wurin.

Fokas yakan yi ta kai da kawo a kan fili fari domin bai sami abin kamawa ba. Zaɓi ɗigo ɗaya, ka ɗora shi a bakin dutse ko reshen bishiya, sai ya kama nan take.

Inda ta fi ba da wahala shi ne batir. Littafinta ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 da 40, safiyar Erciyes kuwa tana sauka ƙasa da sifili. Injin bai tsaya ba ko sau ɗaya, amma batirin da ke ɗaukar yinin biki a gida bai kai azahar ba. Ba ƙarewa ya yi ba, sanyi ne ke rage kuzarin sinadarin da ke cikinsa. Tafi da uku: ɗaya a kyamara, biyu a aljihun ciki inda ɗumin jiki ke kai musu. Wanda ya nuna ja ka cire shi ka sa a ƙirji, bayan wani lokaci zai farfaɗo. Leƙa ta ƙaramar tagar da ake ɗora ido maimakon kallon allo, domin allon ne ke shan caji. Batura masu araha marasa suna su ne ke fara faɗuwa.

Haɗari mafi girma yana cikin ɗaki mai ɗumi. Ka ga yadda ledar ruwa ke gumi in an ciro ta daga firji? Haka kyamara mai sanyi ke yi, ciki da waje, har cikin gilasan lensi. Tun kana waje cire memori da batir, ka sa kyamarar a leda mai zif, ka matse iska ka rufe. A bar ta awa ɗaya zuwa biyu kafin a buɗe. Gumin sai ya tsaya a jikin leda. Jikin kyamarar ma ba a toshe yake daga ruwa ba, don haka in dusa na sauka a lulluɓe ta. Wadda ta faɗa kan gilashi kada a hure ta da baki, numfashi zai daskare a wurin. Robar hura iskar da muke kore ƙurar hunturu da ita ita ce daidai.

Lensin 18-55 yana ba da hoto mai kaifi a f/8, amma 55mm ya yi gajarta ga ƙololuwar dutse. Mai 55-200 ko 70-300 ya tafi da shi. Filtar CPL, gilashin da ake ɗaurawa a bakin lensi ana murɗawa, tana rage ƙyalli, sai dai a wannan tsayin in ka murɗa ta har ƙarshe sama takan koma kusan baƙa, a 18mm kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu. Rabin murɗi ya isa. Maɓallan kyamarar ƙanana ne, safar hannu mai kauri ba ta danna su, sai an sa siririya a ciki.

Mai shirin tafiya ya fara gwaji tun daga gida. Shimfiɗa farin yadi a tsakar gida da hantsi, ka ɗora baƙin dutse a tsakiya, ka ɗauka a 0, da +1, da +2, kana duba histogiram kowane karo, har ka gane matakin da saƙar yadin ke fara ɓacewa.