Jirgin da za ka mayar da shi gidan zama: abin da na gani a gaɓar Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce in yi maka bayanin maganar da na taɓa yi ta komawa cikin jirgin ruwa da zama. Ba wasa nake ba. Kuɗin haya a kudancin Ingila ya isa ya sa mutum ya fara kallon teku, kuma a nan yankin Southampton akwai masu kwana da tashi a ƙananan jiragen da iska ke turawa, da gadonsu da murhunsu da makewayi duk a ciki.

A Yawuri in za a sayi kwale-kwale, faɗinsa da kaurin katako ake dubawa. A nan kuwa abin da ke hana jirgi kifewa ba a ganinsa sai an ɗaga shi daga ruwa: wata ƙafa ce ta ƙarfe ko darma, mai nauyin gaske, da ke rataye a ƙarƙashin ciki. Iska ta kwantar da jirgi, nauyin nan ya miƙar da shi. Wani samfurin jirgi mai suna Contessa 32, wanda aka fara ƙerawa a garin Lymington, kusan rabin nauyinsa yana can ƙasa. A tseren jiragen ruwa na Fastnet na 1979 jirage 303 suka fita, guguwa ta afka musu, matuƙa 15 suka rasu, kuma a rukunin ƙananan jirage ɗaya tak ya kai ƙarshe, shi ma Contessa 32 ne. Har yau ana girmama shi saboda haka. Sai dai cikinsa matsattse ne, na leƙa na ga ba wurin zaman shekara ba ne ga mai jiki irin nawa.

Ni hankalina ya fi kwanciya da Westerly Centaur. Tsawonsa kusan mita 8, an fara yinsa a 1969, an ƙera fiye da 2,400, don haka kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Mutum na iya miƙewa tsaye a ciki. Ƙafa biyu gare shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin teku a nan yana cika ya janye sau biyu a rana. In ruwa ya janye, mai ƙafa ɗaya ya kishingiɗa a laka, tukwane su zube. Mai biyu ya zauna daram. Masu son gudu suna raina shi. Ni ba tsere zan yi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin cinikin. Ba a biya sai an kira mai duba lafiyar jirgi, kai mai saye za ka biya shi. Zai bi jikin faibar da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ya ɗora na'urar auna damshi, ya duba inda ƙafafun suka haɗu da jiki. In ya fasa wani ƙurji a jikin ya ji warin tsami, ruwa ya shiga faibar ke nan, farashi zai sauka. Rahoto yake rubutawa, kuma kamfanonin inshora kan nemi su gani in jirgin tsoho ne.

In ka shiga matsala a teku, ka kira a tasha ta 16 ta rediyon jirgi, jiragen ceto na wata ƙungiyar agaji mai suna RNLI su fito, yawancinsu 'yan sa-kai, ba sa karɓar ko kwabo. Tun 1824 ƙungiyar take. Duk sanda na ji labarin kifewar kwale-kwale a Neja ko Kebbi, da mutane ba ko rigar kariya, wannan nake tunawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ajiyewa. Tsohon Centaur bai kai kuɗin mota mai kyau ba, amma tashar jirage bisa tsawon jirgi take caji, kuma a kogin Hamble hayar shekara na iya kusan kamo kuɗin jirgin kansa. Tashoshi da yawa ma ba sa yarda a zauna a ciki dindindin. Ga hunturu, bango na gumi, katifa na jiƙewa in babu hita. Shi ya sa wurin ɗaurewa nake nema tukuna, can wajen gabas inda aka ce da sauƙi. Ka gaida Hajiya, amma kada ka gaya mata maganar teku yanzu.